Mai Bizi da Kawunsa

Ban yi boko ba, amma kunnena ba ya barci. Kalmar nan ta Turawa, bizi, a waya na fara jin ta, daga bakin ɗan farina, wanda ba na kama sunansa. Shagon taki gare shi a Funtuwa. Na tambayi autata me ake nufi, ta ce wai mutum ne aiki ya sha masa kai.

Sai na sa ido. Na ga maza lokacin cirar auduga, ƙugu ya ƙage, yatsu duk tsaga, ban taɓa jin ɗayansu ya ce bizi ba. Ki yi masa sallama, ya miƙe ya amsa, har ya tambayi mutanen gida. Masu bizi kuwa a zaune nake ganinsu, ƙafa kan ƙafa, ana danne-dannen waya. Kuma ba a faɗa wa wanda ya fi ka. Ban ji an ce wa mai gari bizi ba. Tsofaffi ake jefa wa, kamar yadda ake watsa wa kaji tsaki don su bar bakin ɗaki.

Da damina yayana ya kwanta ciwo a Mahuta. Shi ya riƙi ɗan farin nawa tun yaye, a kafaɗarsa ya san hanyar gona. Duk wanda ya ɗaga labule sai ya juyo da ƙyar ya ce, "Shi ne?" Auta ta kira, bizi. Ta sake kira, bizi. Ni da ban taɓa neman yaron nan da bakina ba, na ajiye kunyar ɗan fari, na karɓi wayar.

"Kai, kawunka na cigiyarka."

"Inna, wallahi ina bizi ne, mota ake saukewa. Gobe in sha Allahu."

"Takin ne zai gudu, ko kawun naka ne zai jira?"

Ya yi dariya, ya ce, "Inna ke nan."

Funtuwa da Mahuta fa, mai mashin kan je ya dawo fura ba ta yi tsami ba.

Ya iso bayan an dawo daga maƙabarta, shadda na ta ƙyalli. Ya zauna a tabarmar maza, ina jiyo shi ta bayan zana, wayar na ta kuka. Ya ɗauka ya ce, "Zan kira ka, ina bizi, rasuwa aka yi mana." Ashe sauke taki da mutuwar wanda ya goya ka duk suna ɗaya gare su.

Da la'asar ya shigo cikin gida, ya durƙusa a bakin ƙofa, ido ya yi ja.

"Inna, ya haƙuri?"

Na dube shi, na ba shi amsar da na ba duk baƙon da ya shigo ranar.

"Mun gode, Alhaji. Allah ya ba da lada. A gaida mutanen Funtuwa."