Takabar Tani da Ranar Yaye Zaharaddin

Tani maƙwabciyata ce a Kurfi shekara talatin da ɗoriya, katanga ɗaya ta raba mu. Daddawa take yi. Mutanen Birchi da Wurma tata suke nema ranar kasuwa, ko da yake ni na sha gaya mata ta cika kanwa. Da kalwar nan ta kai ɗanta Zaharaddin har jami'a a Dutsin-Ma.

Saura wata biyu a yaye su, mijinta Malam Hudu ya rasu. Tani ta shiga takaba, ba fita. Ba ta yi kuka a gabana ba. Cewa kawai ta yi, "Yaya, ashe ba zan ga ranar da za a kira sunansa ba."

Sylvia, matar Ernest ma'aikacin sakatariya, mai sayen daddawa ce a wurinta. Ita ta ce ai za a nuna bikin kai tsaye a intanet. Ranar Asabar da hantsi suka zo da wata 'yar kwamfuta, ba ta fi kwanon sha ba, za a haɗa ta da talabijin. Ernest ya tsaya a zaure, don bai dace ya shiga wurin mai takaba ba, yana ta ɗaga murya.

"Baƙar wayar, Sylvia! Ta bayan talabijin!"

"Na ji, injiniya. Duk unguwa ma ta ji."

Hoto ya fito tar. Rumfa cike da maza, manyan riguna, huluna masu tuntu. Wani mai gemu ya dubo mu. Tani ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa talabijin baya.

Na ce, "Ke Tani, lafiya?"

"Maza ne, Yaya. Na intanet ba irin na da ba ne. In yaron nan ya kira ni a waya, ai yana ganina."

"Wa zai bar taro ya leƙo ki? Kina budurwa ma Hudu kaɗai ya leƙo."

Muna cikin wannan aka kira sunan Zaharaddin. Sylvia ta yi guɗarta irin ta coci. Kafin Tani ta waiwayo, ya sauka, wani ya hau.

Ta zauna, hannu a cinya.

Sylvia ta durƙusa gabanta. "Mama, wannan kwamfutar ba ta da ido. Kuma ana iya mayar da hoton baya."

Tani ba ta yarda ba sai da ta ɗauko faifai ta kife a kan kwamfutar da hannunta. Sannan Sylvia ta ja hoton baya.

Ga shi nan, dogo, yana tafiyar ubansa. Tani ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

Ta ce, "Hular ta yi masa yawa. Sake maido shi, 'yar nan."