Rubab a Bahon Wanki

Mutanen duniya kashi biyu ne: masu shuka a ƙasa da masu shuka a baho. Duk sauran rabe-raben da malaman tarihi suka cika littattafai da su ƙananan maganganu ne. Ni na daɗe a ɓangaren masu baho.

Muna Gorton, wata unguwa a Manchester ta Ingila, a lokacin, a ɗaya daga cikin gidajen nan na jan bulo da suka jeru kafaɗa da kafaɗa kamar sahun salla. Ƙaro karatu ya kawo ni, maiɗakina kuma tana aikin akanta a wani asibiti. Wata rana tsohuwar Baturiyar da muke maƙwabtaka da ita ta miƙo mini wani dunƙulen saiwa ta saman katanga, mai kama da doyar da ta kwana biyu. Ta ce rubab ne, wani tsiro da Turawa ke cin karansa, amma wannan na ado ne.

"Ba a ci?" in ji maiɗakina. "Ko a miya?"

"Ganyen ma guba ne."

"To Malam, ina amfaninsa?"

"Kallo."

"Ikon Allah. Mutum ya baro zogale ya zo yana renon guba."

Littattafan lambu da na aro a laburare bakinsu ɗaya: a sa shi a ƙasa mai danshi, a ba shi taki, a ƙyale shi ya zauna, in ya zauna zai yi fure. Furen nake so in gani. Amma sai na huda gindin bahon wanki na dasa shi a ciki, domin mu ba mazauna ba ne. Kowace shekara baɗi za mu koma Kano. Akwatunanmu suna saman kabad, ko labulen kirki ba mu taɓa saya ba. Wanda zai tafi baɗi kuwa ba ya haƙa rami a gidan wani.

Ya fito da ganye kamar faifai, mai yatsu, ƙasansa ja. Na dinga jan bahon, yau gindin katanga, gobe bakin ƙofa, jibi inda nake zaton rana za ta leƙo. Da sanyi ya shigo ganyen ya zube ya narke. Nan da nan na kinkimo shi cikin ɗaki, na ajiye kusa da hita, na rufa masa tsohon bargo. A wurinmu sanyi abin gudu ne. Ana ɓoye masa jariri da tsoho, har akuya. Littattafan sun ce wannan tsiro sai sanyi ya ratsa shi yake samun ƙarfi. Na karanta, na gane, ban yarda ba.

Haka muka yi shekaru. Kowane Maris ya fito a rame, fari fat kamar mai jinya, babu ko alamar fure. Ni kuma in ja baho, in duba kuɗin jirgi, in sake jan baho.

Wata Asabar maiɗakina ta yi tuntuɓe da shi a bakin kicin.

"Malam, ko dai ka sa abin nan a ƙasa, ko ka saya mana tikiti."

"Ai baɗi..."

"Wane baɗin? Yaran nan namu da kake musu Hausa suna amsa maka da Turancin Manchester, da su za ka yi baɗin? Ka tausaya wa ciyawa in ba ka tausaya mana ba."

Na kawo mata hujjoji daga tarihin ƙaura da na fatauci. Ta miƙo mini shebur.

A watan Oktoba na haƙa ramin. Ƙasar baƙa ce, mai nauyi, cike da ɓaraguzan bulo. Da na juye bahon na ga saiwar ta naɗe kanta tana zagaye wuri ɗaya, ban so abin da na gani ba. Na binne, na zuba taki. Duk lokacin sanyin nan ina tsaye a taga ina kallon ƙanƙara a kansa, hannuna na ƙaiƙayin ɗauko bargo. Ban ɗauko ba. Muka sayi labule.

A Maris ya faso ƙasa da jajayen ƙululai kamar dunƙulen hannu, masu ƙwari irin da ban taɓa gani ba. A Afrilu aka mai da aikin maiɗakina Birmingham. Gidan da muka samu hawa na uku ne, ba shi da ko baranda. Tone rubab ɗin kuwa a irin wannan lokaci kisa ne, don haka muka bar shi a inda yake.

Ban iya zama a sabon gidan ba. Daga taga zuwa taga, ba abin ja. A watan Yuni na ce zan je Cheetham Hill, can Manchester, sayen yaji, maiɗakina ta dube ni ta ce, "A gaishe shi." Na hau bas zuwa Manchester, na ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwar, ta bar ni na hau kujera na leƙa ta katangarta.

Ya yi fure. Kara ɗaya miƙe, ja wur, ya zarce katangar. Sababbin 'yan haya suna shanya safa a kan ganyen.