Baba Haladu da Falle Uku na Taya

Ranar Asabar ta ziyarar iyaye Inna ta zo makarantarmu a Birnin Kudu da ƙullin dambu. Sai da ta bari na ci na ƙoshi, sannan ta faɗa mini cewa Baba Haladu baduku ya rasu ranar Laraba a Gwaram, bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ba mai yawan magana ba ce, amma ba zan iya yin shiru a kan wannan bawan Allah ba.

Shekarar da na ci jarrabawar shiga sakandare bayana ya fara karkacewa. In na tsaya, kafaɗa ɗaya sai ta fi ɗaya tudu, ƙuguna ya yi ta ciwo. In na zauna kuwa, sai bayan ya miƙe. Saboda haka wasu a gida suka ce da gangan nake yi don gudun ɗebo ruwa, wasu suka ce iska ce. Mahaifina ya ce ba zai tura yarinya marar lafiya makarantar kwana ba.

Wata ranar kasuwa ni da Inna muka kai takalmana gyara. Baba Haladu ya juya su, ya ga cinyewarsu ba ɗaya ba ce, ya ce da ni, “Hajiya ƙarama, tashi tsaye.” Na tashi, kunya kamar ta kashe ni. “Zauna.” Na zauna. Da ya maimaita sau uku, mai rumfar kusa ya ce, “Haladu, yaushe ka koma koyar da fareti?”

“Kai dai ji da gishirinka,” in ji shi.

Ya yanko tsohuwar tayar mota falle-falle, yana tura su ƙarƙashin ƙafata ta hagu. A falle na uku Inna ta dafe ƙirji ta ce, “Wallahi ta miƙe!”

Ya yi dariya ya ce, “Bayan nan ba shi da laifi. Ƙafar hagu ce ta makara wajen girma, shi kuma ya karkata yana jiran ta.” Nan take ya ɗinka falle ukun a ƙasan takalmina na hagu.

Bai taɓa ɗaukar kansa likita ba. Yakan ce, “Ni tafin ƙafa na sani, abin da ke sama na masu allura ne.” Da kansa ya je wurin mahaifina, bai tashi daga zaure ba sai da aka yi alkawarin kai ni babban asibiti. Likita ya auna ƙafafuna, ya tabbatar da maganarsa, ya ce in ci gaba da sa takalmin, in riƙa zuwa ana dubawa. A makon nan mahaifina ya sayo mini akwatin tafiya makarantar kwana.

Kowane hutu Baba Haladu yakan sake auna ni. Yakan rine gefen takalmin da kyau don kada 'yan ajinmu su lura, ya kuma tambaye ni ta nawa na zo. In na faɗa, sai ya sanar da duk layin dukawa kamar shi ya rubuta jarrabawar. Yanzu ina aji huɗu, kuma ni ke riƙe tutar gidanmu na makaranta ranar wasanni.

Allah ya jiƙan Baba Haladu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Iya Asabe matarsa da 'ya'yansa haƙurin rashinsa, ya albarkaci abin da ya bari. Amin.