Ɗakin da Na Shirya wa Inna

Da mahaifinmu ya rasu a Isawan, ni da Kawu, wanda yake yayan Inna, muka sha bamban kan inda za ta zauna bayan takaba. Shi ya ce gidansa a ƙauye, kusa da awakinta. Ni na ce wurina a Tasawa, inda likita yake kusa, don ta fi shekara tana fama da tari. Inna ce ta raba gardamar. Ta ce washegarin fitarta takaba za ta zo ta ga wurina. In ya kwanta mata ta zauna, in bai kwanta ba ta koma tare da Kawu a motar da ta kawo su.

Ɗakin da nake da shi na ajiyar kaya ne, an shafe shi da farar ƙasa. Matar da ta yi wata huɗu da kwana goma ba lalle ba turare, na ƙudura ba za ta shigo farin ɗaki ba. Na zana tsarin a takarda. Bango uku shuɗi mai duhu irin na rini, na huɗun, wanda gado zai jingina da shi, ja. Labule na atamfa ruwan ɗorawa mai manyan ganyaye, zanen gado mai ratsin kore da baƙi, a ƙasa tabarma mai zane, a kanta matasan fata na Buzaye da na saya a kasuwar Mayahi. Mijina ya duba takardar ya ce ɗakin zai yi kama da rumfar mai atamfa ranar kasuwa. Mai fenti kuma ya so in bar jan. Ban saurari ko ɗayansu ba.

Kwanakin takabar da kalandar biro, wato ta ofis, na ƙirga su, suka faɗa ranar Litinin, kuma a kan haka na tsara mai fenti da tela. Ranar Talatar da ke gabanta Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ta kira daga ƙauye, ta ce jibi Inna za ta fita, Juma'a suna hanya. Na ce ai da saura.

"Da watan Nasara kika ƙirga, ko?" in ji ta. "Takaba da tsayuwar wata ake yin ta, ɗiyata."

Kwana huɗu ke nan suka tafi. A lokacin an gama shuɗin, jan kuma ya tsaya rabin bango. Tela ko yanka atamfar bai yi ba. Abin da ya fi damuna shi ne fentin na mai ne, warinsa yana shaƙe lafiyayye ma, balle mai tari. In an ƙarasa bangon, warin zai ƙaru. In an bari, Kawu zai ga aikin da ba a gama ba, kuma na san abin da zai yi da shi. Safiyar Laraba na sallami mai fenti. Na buɗe taga da ƙofa, na jera kwanukan gawayi da yankakkiyar albasa don su tsotse warin, kamar yadda maƙwabciyata ta ce. Labule kaɗai tela ya ɗinka. Zanen gadon haka na shimfiɗa shi ba kalmasa.

Sun iso Juma'a da hantsi. Kawu ne ya fara leƙawa. Ya ja numfashi, ya dubi rabin jan, ya tambaye ni ko ɗakin kwana ne ko wurin sayar da esansi, wato man mota. Ya ce wa Inna direba ba zai wuce azahar ba.

Inna ta tsaya bakin ƙofa da ƙullin kayanta. Ta yi tari sau uku, ina ƙirgawa. Ta shiga, ta murza labulen tsakanin yatsunta, ta ɗaga gefen zanen gadon ta ga zare na zazzagowa, ta mayar. Ta daɗe gaban bangon. Sannan ta tambayi wanda ya zaɓi jan, na ce ni ce. Ta ce tun ina ƙarama ba ni da sauƙin ido.

"Rabin nan da ya rage, kar a sa mashi ja," in ji ta. "A bari sai na ga abin da mai fentin ke da shi."

Kawu ya ce warin nan zai kwantar da ita, kuma gaskiya ya faɗa. Ta ce ba ta ce yau za ta kwana ciki ba, ai ta ga rumfa a tsakar gida. Daga nan ta shiga gaya masa wadda zai ba kiwon awakin, da akuyar da ba ta yarda a sayar ba ko da rani ya yi tsanani. Ya saurara fuska a ɗaure. Bai ci abincin da na kawo ba, ya ce zai yi sallar Juma'a a hanya.

Kwana biyar ta yi tana kwana a rumfa cikin gidan sauro, tarin yana tashi yana lafawa. A na shida ta sa aka shigar mata da kaya.