Yaya da Neman Magaji

Yayata tana cikin masu kula da kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Sashenta shi ne wanda ke kulle bayanai a ma'ajiyar na'ura don kada wani ya leƙa. Tun tana budurwa take riƙe da shi, ga shi har furfura ta fito, kuma ita kaɗai ce. Ofishin nata ma kusurwar falo ce, tsakanin firji da kwandon wanki.

Idanunta sun gaji. Likita ya ce ta rage kallon allo ko ta rasa su. Amma a aikinsu ba a ajiye sashe sai an sami mai ɗauka, kowa kuwa gudu yake.

Ana nan sai matsala ta ɓullo: in kwamfuta ta yi barci ta farka, wani yanki na ma'ajiyar yakan zauna a buɗe, asirin mutane a fili. Yaya ta gano ɓarakar tun daga rahoton farko, amma ta ƙi taɓawa, domin wani injiniya da ba ta taɓa gani ba ya turo gyara, ita kuwa ta hango magaji. Maimakon ta ƙarasa masa, sai ta riƙa mayar masa da tambaya: ina makullin yake lokacin farkawa? Ya sake turowa, ta sake mayarwa. Ni nake karanta mata saƙonni, amma layukan aikin dole ta duba da kanta, hanci a jikin allo, ido na ruwa. Haushi kamar ya kashe ni. Mijinta ya ce gara ta buɗe makaranta kawai kowa ya huta.

Da ƙyar gyaran ya yi daidai, aka karɓa. Ranar har waƙa na ji tana yi a kicin. Ta sa na rubuta masa cewa sashen ya zama nasa in yana so.

Amsa ba ta daɗe ba. Ya yi godiya sosai, ya ce kamfaninsu ne ya sa shi don matsalar ta taɓa injinansu, yanzu kuma an mayar da shi wani aikin.

Na gama karantawa, tausayinta ya hana ni kallonta. Ita kuwa sai ta jawo kujera.

"Ƙara mini girman rubutun," in ji ta. "Na ga kamar wani rahoton ya shigo."