Yatsun Mai Dutse

A ma'aikatar da ake yi wa wuƙaƙen inji riga, ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Mai Dutse ake ce masa, don tun yana da baƙin gashi yake tsaye gaban dutsen gogewa mai juyawa da lantarki. Rigar kuwa ba ta yadi ba ce. Wani rufi ne mai tauri, launin zinare, bai kai kaurin ɓawon albasa ba, a cikin tanda ake sa wa wuƙa shi don kada ta dakushe da wuri. Sai dai rigar nan akwai tsirfa. In fuskar ƙarfe ta cika kaushi, sai ta tsage ta ɓamɓare. In an goge shi ya yi sumul, ta rasa abin kamawa. Tsakanin nan ake nema, shi kuwa Mai Dutse da kan yatsa yake gane shi. Ya shafa, ya ce ta yi, ko ya mayar wa dutse.

Da yatsan nan ya yi aure, da shi ya samu ciki da falo a gidajen ma'aikata, bayan katangar kamfanin. Nan matarsa ta haifi 'ya'yanta duka, nan ta dasa lalle a bakin famfo. Safar hannu mai rage girgiza da ake ba masu irin aikinsa kuwa, kullum tana hanya. Manaja ya zo, manaja ya tafi, ita tana hanya, kuma ba wanda kunya ta kama.

Girgizar dutsen ce ta cinye yatsun. Da farko da safe kawai suke yin fari su sage, daga baya suka daina dawowa. Matarsa ce ta gano, ranar da ya sauke butar shayi daga wuta da hannu tsura, ya ci gaba da hirarsa.

"Malam, ka ga hannunka kuwa?"

Ya duba. Fata ta tashi.

"Ashe da zafi," in ji shi.

"Ni kake tambaya ko butar? Gobe ka gaya musu a wurin aiki."

"In ce musu me? An ajiye mutum don yatsa, ya je ya ce yatsa ya tafi? Ke ɗakin nan gadon babanki ne?"

Ta shafa masa man zafi. Ko man ma bai ji ba.

Wata rana yana shan ruwa, leɓensa ya ji tsagar bakin kofi wadda yatsa ya wuce bai sani ba. Nan dabara ta zo masa: leɓe zai yi aikin yatsa. Amma a filin aiki ido ya yi yawa, ba dama dattijo ya riƙa kai ƙarfe baki. Wuri ɗaya ne ba kowa: ɗakin shanya, inda ake rataye wuƙaƙe bayan an wanke su tas, kafin su shiga tanda. A ɗakin nan ko yatsa ba a sa wa ƙarfe, don maiƙon jiki kaɗan ya isa ya hana riga zama. Ya san dokar, shi ya koya wa rabin mutanen wurin. Duk da haka ya riƙa shiga, ya ɗora wuƙa a leɓe, ya share da gefen rigarsa, ya mayar. Ba wauta ba ce. Mutum ne aka matse.

Kaushin ya koma daidai, amma kaya suka fara dawowa daga masu saye. Kowace wuƙa da tabo guda kusa da gindi, inda rigar ta ɓare.

"Tsoho, wuƙaƙenka sun fara sanƙo irin naka," in ji Mai Tanda, abokin wasansa mai sa kaya a wuta.

Mai Dutse ya yi dariyar da ake yi don a wuce wurin.

Mai Tandan ne ya turo ƙofar ɗakin shanya wata rana da hantsi, ya same shi ido rufe, wuƙa a baki.

"Lallai! A gida an hana ka ne, ka dawo sumbatar ƙarfe?"

Bai gama dariyar ba ya tuna Manaja na biye da shi, sun zo neman dalilin tabon. Manaja kuwa ya riga ya ga komai.

A ofis ba a ɗaga murya ba. Manaja ya ce shi kansa abin bai yi masa daɗi ba, ya ce kamfani ba ya manta alheri, sannan ya ce ɗakin da yake zaune a gidajen ma'aikata ana bukatarsa ƙarshen wata, sabon mai gogewa da zai maye gurbinsa yana da iyali. Abin da ya kashe yatsun, ko da wasa bai tambaya ba. Mai Dutse ya jira ya ji baƙin ciki ko fushi, ko ɗaya bai zo ba. Tunaninsa kawai ko gadonsu na kwana zai fita ta ƙofa ba a kwance shi ba.

Manaja ya miƙe ya ba shi hannu. Mai Dutse ya tsaya, hannu a miƙe, sai da ya sunkuya ya duba sannan ya san an daɗe da sakinsa.