Goron da Lauratu Ta Mayar Djougou

Lauratu ta rasu ranar Laraba, mako biyu bayan Babbar Sallah, kuma har yau in na iso kasuwar Arzèkè sai na leƙa rumfarta kafin in buɗe tawa. Shekara ashirin muna maƙwabtaka, ita da atamfa, ni da gero da wake. 'Yar ƙaramar mace ce, amma duk 'yan zemijan, masu haya da babur, sun san muryarta. In wani ya ajiye babur a bakin rumfarta sai ta ce, "Kai ɗan nan, ubanka ne ya gina wurin?" Ya yi dariya ya matsa.

'Yar Djougou ce, jikar fataken goro. Aure ya kawo ta Parakou, mijin ya rasu, ta zauna a Banikanni da 'yarta ɗaya, Hamida. Da Hamida ta kai shekara goma sha tara sai ta tafi Djougou koyon ɗinki, ta sauka gidan kawunta Badamasi, yayan Lauratu. A shagon da take koyo ne mai shagon ya kulle ƙofa wata rana ya yi mata fyaɗe. Da ƙafarta ta je kwamisariya wurin 'yan sanda, likita ya duba ta, aka kama mutumin. Ta dawo wurin uwarta tana jiran ranar da za a kira ta kotu.

Wata uku shiru. Sai wata Juma'a direban mota ya kawo wa Lauratu ƙunshi a kasuwa: farin goro cikin ɗanyen ganye, da saƙon cewa an sasanta, a yi haƙuri. A wajen mutanen Djougou, in dattawa sun yi sulhu akan raba goro gida-gida. Gidan da ya fasa ya ci ya yarda ke nan, ba ya sake ta da maganar. Ashe Badamasi ya sa hannu a takarda da sunan iyali. Mai shigar da ƙara na gwamnati, wanda muke ce wa procureur, ya karɓa, ya mai da laifin ƙarami. Mutumin ya amsa, aka ba shi hukuncin da ba sai ya zauna kurkuku ba. Ba wanda ya kira Hamida.

Ni ban san al'adar ba, na kai hannu zan ɗauki goro ɗaya. Ta buge mini hannu har sai da ya yi zafi.

"Lubabatu, in kika fasa goron nan, ni da ke har lahira."

Washegari na raka ta Djougou. Muka tarar da Badamasi a zaure da baƙi. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta ajiye ƙunshin a gabansa.

"Yaya, ga kayanka yadda suka zo. Ko ɗaya ba a fasa ba."

"Ke Lauratu, asirin yarinyar na rufa. Wa zai aure ta in ta tsaya gaban alƙali tana faɗin wannan abu?"

"Ka tambaye ta?"

"Ni kawunta ne!"

"Kawunta ne, Yaya, amma ba kai aka kulle wa ƙofa ba."

Daga nan duk Talata sai ta bar mini rumfarta ta tafi ofishin procureur. Sakatariya ta ce, "Madame, l'affaire est close," wato an rufe shari'ar. Lauratu ta ce, "Ki gaya masa uwar Hamida ce, tambaya ɗaya gare ni." A zuwa na shida ya gaji ya gan ta. Ya ce iyali ne suka kawo takarda. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka taɓa ganin fuskar 'yata? Ka ji muryarta?" Ya ce an rufe magana. Ta ce, "Kai ka rufe. Mu ba mu rufe ba."

Wata lauya mai sayen atamfa a wurinta, Kadidjatou, ita ta rubuta wa manyan procureur. Aka kwashe fiye da shekara. Dangi suka daina gayyatar Lauratu suna da biki. Hawan jini ya kama ta, ƙafafunta suka kumbura, nakan shafa mata man kaɗe a bayan rumfa tana zagina wai hannuna kamar na mai kirɓa sakwara. Daga ƙarshe aka umarci procureur ya bayyana a rubuce dalilin da ya sa bai saurari yarinyar ba, aka kuma sa ranar sake zama. Saura kwana tara Lauratu ta faɗi tana alwala, ba ta tashi ba. Ƙawata, Allah ya jiƙan ki, ya sa kin huta.

Ranar addu'ar bakwai Badamasi ya kira Hamida gefe, ina tsaye. Ya ce, "'Yata, maganar nan ta ci uwarki. A bar ta haka."

Yarinyar kwana bakwai ba ta ci abin kirki ba. Ta share ido ta ce, "Kawu, jibi ne, ƙarfe tara. In za ka zo, ka zo."

Ya zo, ya zauna a waje. Alƙali ya fitar da jama'a, ni ya bar ni saboda Hamida ta ƙi sakin hannuna. Ta yi magana da Hausa, tafinta yana juyawa, mai shagon yana kallon ƙasa. Da muryarta ta fara rawa, alƙali ya tambaya ko tana so a dakata ta huta.

Ta ce, "A'a. Ban gama ba."